Guzurin shiga daji wanda babu alkama a ciki: wata kasuwa ce ga mai kifi da kaji



Bara tarwaɗata ta isa sayarwa daidai lokacin da kasuwa ta faɗi. Dillalai suka taya farashin da ko kuɗin abincin kifin ba zai mayar ba. In na bar su a tanki buhu na ta ƙarewa, in na sayar kuma asara. Sai na koma banda. Ana cikin haka wani abokin cinikina mai gyaran rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan da mota ke shiga da kyar ya ce in haɗa masa guzurin kwana 10. Sharaɗinsa biyu: kada ya buƙaci firij, kuma kada alkama ta taɓa shi, don likita ya hana shi ci.

Abin da yake gudu sunansa gulutin. Furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir, shi ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Yawancinmu ba ya yi mana komai, amma masu cutar siliyak, ko kaɗan suka ci sai ya yi wa bangon ƙaramin hanjinsu illa. Ga shi abincin hanya da aka saba, biredi da biskit da cincin da taliyar leda, duk fulawa ne.

Mu kuwa abin yana hannunmu. Kifi da nama da ƙwai ba su da gulutin. Haka gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, wake da gyaɗa. Wani zai ce, to ai dusar alkama muke ba kajin? Gaskiya ne, amma kaza tana narkar da ita, ba ta shiga tsoka ko ƙwai. Haɗarin daga hannunmu yake zuwa.

Ga inda alkama ke lallaɓowa: ƙurar dusa a sito, kwanon da aka auna abincin kaji da shi, injin niƙa da ya gama niƙa alkama, man da aka soya fanke a ciki, da wasu dunƙulen miya da ake haɗawa da fulawa. Ƙa'idar duniya ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya na abinci kafin a ce babu shi. Ka ga ɗan abin da ya maƙale a cokali ma ya isa ɓata aiki. Shi ya sa na ware tire da wuƙa da turmi daban, nesa da sito, na kuma daka yajina da kaina: barkono, citta, kanumfari da gishiri.

Abu na biyu shi ne danshi, don shi ke kawo fumfuna da wari. Ga yadda nake yi. In hana kifin abinci kwana ɗaya, in feɗe in cire kayan ciki tas, in wanke yauƙin da gishiri, in jiƙa a ruwan gishiri kamar minti 30, in tsane. Wutar farko mai ƙarfi ce don ya dahu, daga nan a rage ta sosai har ya bushe ƙayau, ko da zai kai kwana biyu. Murhu irin na Chorkor da aka ƙirƙira a Gana a 1969, mai tiren raga da ake ɗorawa bisa juna, yana rage cin itace. Gwajina shi ne in karya mafi kauri. In ya lanƙwashe ko cikinsa da laushi, na miyar gobe ne, ba na tafiya ba. A wajena kilo 10 na ɗanye yakan dawo kusan kilo 3, don haka ka yi lissafin farashi a kan wannan.

Kajin ƙwai da suka gama yayinsu kuma dambu nake yi da su. A dafa har ruwan ya ƙone, a daka, a soya sai ya daina kumfa, a matse man sosai, domin man da ya yi yawa shi ke fara canza ɗanɗano a zafin mota. Kada a ƙulle komai sai ya huce sarai. A ƙulla na kowace rana daban a leda mai kauri, a jera a bokiti mai murfi don girgizar hanya kada ta mai da kifin gari. Kuma don girman sana'arka, kada ka fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a kan abinci. Guba ne.

Abin da na haɗa masa: garin rogo da ƙuli-ƙuli da dambun kaza na rana, garin kunun gero na safe, sai acca da dakakken kifi na dare, don acca ba ta cin wuta. Ya dawo ya ƙara oda, har da ta abokan aikinsa da ba ruwansu da gulutin.

Shawarata, fara da kilo 5. Ajiye ƙulli ɗaya a ɗakinka, ka buɗe bayan sati biyu ka shinshina, ka ɗanɗana. In kai ba za ka ci ba, kada ka ba mutumin da zai yi nisa da asibiti.