Masu share fage: tunawa da sarakunan samarin Kurfai

Kowace shekara, idan aka gama ɗaurin hatsi sanyi ya shigo, hankalin ƴan Nijar yakan koma wuri guda, wato fagen da ake kokawar neman takobin ƙasa. Jihohi 8 ke haɗuwa, kowace da ƴan kokawa 10, su 80 ke nan, su yi ta karawa har a samu gwani guda. Ana jin sunansa a rediyo, ana ganin fuskarsa a talabijin, a ɗaura masa takobi, a ba shi doki da kuɗi masu yawa. Amma Hausawa sun ce in ka ga wani a inuwa, wani na rana. Kafin ɗan kokawa ya kai wannan matsayi, akwai wani mutum can ƙauye wanda ya share masa fagen farko, bai karɓi ko dala ba. Irin waɗannan mutane ne ya dace a tuna da su a ƙasar Kurfai, domin akasarinsu sun riga sun koma ga Ubangiji.

Ƙasar Kurfai da samarinta

Filinge, babban garin Kurfayawa, yana cikin Dallol Boso, wajen kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Ƙasa ce ta manoman hatsi da wake da makiyaya, ga kuma garken shanun azawak na Tukunus a kusa. Ran Lahadi ake cin kasuwar garin, inda Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Bafillace ke cuɗanya. Tun zamanin kakanni, samarin ƙauyuka kamar Shikal suna da shugabansu, sarkin samari, wanda ke kiran gayya in gonar wani ta fi ƙarfinsa, kuma shi ke shirya wasanni bayan kaka.

Wannan tsari na gargajiya ya sami sabon ƙarfi bayan ranar 15 ga Afrilu 1974, lokacin da soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Seyni Kunce, wanda shi kansa haifaffen Fandu ne, cikin yankin Filinge. Ƙasa ta fito daga mummunan farin 1973, dabbobi sun ƙare, rumbuna sun bushe, baitulmali ba kuɗi. Sai hukuma ta waiwayi samariya, ta mai da ita ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, daga unguwa da ƙauye har zuwa babban birni. Samari suka buga tubali suka gina azuzuwan makaranta, suka yashe rijiyoyi, suka dasa itatuwa, suka share tituna. A 1975 aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi. A 1976 kuma aka buɗe bikin matasa na ƙasa a Damagaram.

A lokacin Filinge da'ira ce cikin jihar Yamai. Daga baya ne aka kafa jihar Tilaberi. Ɗan kokawa ba ya isa gasar ƙasa sai ya bi matakai: ya yi fice a ƙauye, ya wuce kanton, ya wuce da'ira, sannan a zaɓe shi cikin ƴan jiha. Matakin farko, wanda duk sauran suka dogara da shi, yana hannun sarkin samari da mataimakansa.

Yadda ake shirya fage

Mai kallo yana ganin kaye ne kawai, wanda ba ya wuce ƙiftawar ido. Aikin da ke gabansa kuwa yakan ci kwanaki. Da farko sarkin samari zai nemi izinin mai gari da dattawa. In sun yarda, ya aika da goro ƙauyen da ake so a kara da shi, a tsai da rana. Daga nan ya tara yara da samari su gyara fili: a tsince ƙaya da ƙarangiya, a kwashe tsakuwa, a zuba rairayi mai laushi, don ƙaya ɗaya tak na iya hana jarumi taka ƙasa har mako biyu.

Sai maganar baƙi. Baƙo ba ya kwana da yunwa, ko da shi ne zai ka da ɗan gari gobe. Saboda haka sarkin samari yakan bi gida gida, wannan ya ba da damin hatsi, wancan ya ba da mudun wake, mai hali ya ba da akuya. Shugabar ƴan mata ta raba aiki: masu sussuka, masu daka, masu dama fura, masu ɗebo ruwa. A raba wa baƙi masauki, a sallami makaɗa, a sanar da mai ɗori ya zauna kusa, ko da tsautsayi. Sau da yawa abin da aka tara ba ya isa, sai shugaba ya cika da abin rumbunsa, ba tare da ya faɗa wa kowa ba.

Ranar wasa aikinsa ya fi kowane nauyi. Shi ke haɗa tsara da tsara, kada a jefa yaro hannun wanda ya fi ƙarfinsa ya karye, ya bar kokawa har abada. Shi ke tsayawa tsakiya idan kirari ya yi zafi, ƴan kallo suka fara kutsowa. Idan gardama ta tashi kan kaye, ya zama dole ya faɗi gaskiya ko da ɗan ƙanensa ne aka kayar, gama in ya karkata sau ɗaya, ƙauyen maƙwabta ba za su sake karɓar goronsa ba. Ta haka fagen kokawa ya zama wurin ƙulla zumunci: samarin da suka riƙi juna da dare a farin wata su ne ke haɗuwa a kasuwa da rijiya, kuma da wuya su bari ƴar gardamar gona ko ta mashaya ta kai su ga sanda.

Idan taro ya watse, shi ne na ƙarshe a fili. Ya mai da tabarmin da aka aro, ya raka baƙi bakin gari, sannan ya koma gonarsa ɗaukar kara.

Abin da ya sauya

Janar Seyni Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, da zuwan jam'iyyu barkatai, samariya ta hukuma ta yi sanyi, saboda mutane da dama suna kallonta a matsayin hannun mulkin da ya shuɗe. Akwai gaskiya cikin wannan zargi: an sha tara samari don tarbar manya da tafi, ba don bukatar ƙauye ba. Sai dai aikin share fage ya girmi kowace gwamnati, kuma waɗanda suka yi shi tsakani da Allah ba su ci ribar komi ba.

Kokawa dai ta ci gaba da bunƙasa a sama. An gina manyan filaye a hedikwatocin jihohi, an nuna ta ga baƙin duniya a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai cikin Disamba 2005. Bayan su Kantu da Salma Ɗan Rani da Kadade, an ga zamanin Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi sau da dama. Amma a ƙasa, saiwar tana neman ruwa. Samari da yawa suna tafiya cin rani Yamai ko ƙasashen gaɓar teku tun hatsi bai gama shiga rumbu ba. Rashin tsaro kuma ya addabi arewacin jihar Tilaberi, har aka kafa dokar ta-ɓaci a 2017 a wasu yankuna, ciki har da Abala, maƙwabciyar Filinge. Inda taron dare ya zama abin tsoro, ganga takan yi shiru, yaro kuma ya tashi bai taɓa ɗaura walki ba.

Aikin da ya rage

Sunan kowane mai takobi yana rubuce tun daga 1975. Na masu share fage kuwa yana bakin tsofaffi ne kawai, tsofaffin kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Nan ne waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci ke da rawar takawa. A kowane ƙauye, mutum ɗaya mai littafi da alƙalami ya isa: ya zauna da dattawa, ya rubuta sunayen sarakunan samari da shugabannin ƴan mata bi da bi, da shekarun da suka yi, da ƙauyukan da suka gayyato, da jaruman da suka fito ta hannunsu. Ma'aikatan matasa da wasanni da magadan gari su tattara waɗannan takardu, a karanta sunayen a bainar jama'a ranar zaɓen ƴan kokawa, iyalansu su ji da kunnensu. Ba aiki ne mai cin kuɗi ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya. In an jinkirta, ba za a sami wanda za a tambaya ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaya, ya saka musu da alheri, ya kuma dawo da kwanciyar hankali ƙasar Kurfai, ganga ta sake tashi bayan kaka.