Gahawar Gida: Haɗa Ta da Hannunka, Ka Kuma San Iyakarta

Duk wanda ya taɓa kwana a Doguwa ko Riruwai a tsakiyar hunturu ya san sanyin kudancin Kano ba na wasa ba ne. Tun daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, har ka ratsa Dajin Falgore, da wuya ka ga tashar da babu teburin mai shayi, da gwangwanin Nescafé a gefen burodi. Ɗalibai ma ba a bar su a baya ba. Da zarar jarrabawar WAEC ko NECO ta ƙarato, sai ka ga ana juye leda biyu ko uku a ruwan zafi, wai don a kori barci a yi karatun dare.

Abin tambaya shi ne, mutum nawa ne a cikinmu suka san abin da ke cikin kofin da suke sha? Wanda ya soya gahawarsa, ya daka, ya auna da hannunsa, shi ne ya san ƙarfinta, ya kuma san inda ya kamata ya tsaya. Ga shi kuwa aikin bai fi suyar gyaɗa wuya ba.

Daga ina ta zo?

Asalin bishiyar gahawa daga tsaunukan Habasha ne. Amma shan ta yadda muka sani ya kafu ne a Yaman a ƙarni na 15, inda Sufaye suke shan ta don su raya dare da zikiri. Daga tashar jiragen ruwa ta Mokha ta bazu zuwa Makka da Alƙahira da Santambul. A shekarar 1511 har gwamnan Makka ya hana shan ta, sai dai hanin bai daɗe ba. Kalmar gahawa ɗin ma daga Larabci muka aro ta.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwar duniya. Akwai Arabika, mai ƙamshi, wadda take son tudu mai sanyi, sai Robusta, mai ɗaci, wadda take jure zafi, kuma ita aka fi sakawa a gahawar leda. Gahawa ba amfanin gonar yankinmu ba ce, domin raninmu yana da tsawo. Amma ana noma ta a Najeriya: Arabika a tsaunin Mambilla na Jihar Taraba da kuma Filato, Robusta kuma a jihohin kudu. Cibiyar Binciken Koko ta Najeriya da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, ita take kula da binciken gahawa, tare da goro da kashu da ganyen shayi.

Wadda muka saba gani a leda kuwa gahawa ce da aka riga aka dafa a masana'anta, aka busar da ruwan ya zama gari. Kamfanin Nestlé ya fitar da Nescafé a 1938. Tana da sauƙin haɗawa, amma wani kaso na ƙamshin ya riga ya tafi tun kafin ta iso hannunka.

Kayan aiki

Ba sai an sayi inji ba. Kusan komai yana ɗakin girkin Inna: kasko ko tukunya mai kauri, muciya ko ludayi, faifai, ƙaramin turmi da taɓarya, butar shayi, da farin ƙyalle mai tsabta irin na tatar koko. A wanke turmin sosai a shanya, in ba haka ba gahawar za ta fito da yajin barkono da warin daddawa. Ƙwayar gahawa ɗanya ko soyayya a nema wurin masu kayan ƙamshi a manyan kasuwannin Kano ko shagunan zamani. Alhazai ma sukan zo da ita tsaraba.

Sharaɗi ɗaya: aikin gida ne, da izinin manya. 'Yan makarantar kwana su bari sai an yi hutu, kada a hura wuta a ɗakin kwana.

Suya

Ɗanyar ƙwaya launinta kore-kore ne, ba ta da wani ƙamshi. Wuta ce take fito da shi. A ɗora kasko a kan garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo. Wannan ya isa, ba sai an ƙona sabon ice ba, balle mu da muke gani da idonmu yadda sare itatuwa yake cin gefen Dajin Falgore. A zuba ƙwayar daidai yadda za ta rufe gindin kaskon, a riƙa juyawa ba tsayawa, kuma a tsakar gida, saboda hayaƙi.

Za ta koma ruwan ɗorawa, sannan ruwan ƙasa. Wajen minti 10 zuwa 15 za a ji tana fashewa kamar gugguru. Tururin da ke cikin ƙwayar ne yake tsaga ta, a zafin da ya kai kusan digiri 200. Bayan nan da minti ɗaya ko biyu a sauke. In aka bari ta yi baƙi ƙirin tana naso, an ƙona ta, abin da zai rage ɗacin gawayi ne. A juye a faifai nan take, a bakace ƙaiƙayin, a bar ta ta huce.

'Yan ajin kimiyya ku lura: wannan sauyin launi da ƙamshi haɗuwar sukari ce da sinadaran furotin a kan zafi, wadda wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. Ita ce dai take ba tsire da bayan burodi launinsu da ƙamshinsu.

A zuba soyayyar a kwalba mai murfi, a ajiye inda rana ba ta kaiwa. Ta fi daɗi idan ta kwana ɗaya ko biyu.

Daka da awo

Kada a daka sai wadda za a sha a lokacin, domin gari yana saurin sakin ƙamshinsa. A daka ta zama kamar tsaki mai laushi, kada ta kai garin tuwo.

Awon da masana suka fi amfani da shi shi ne kusan giram 60 a lita ɗaya. A sauƙaƙe, ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, tana ɗaukar giram 30, wato cokalin cin abinci kamar shida, ba a tula ba. Wannan na mutum huɗu ne, a ƙananan kofuna. A yi amfani da ruwa mai daɗin sha. Ruwan da yake da zartsi ko warin laka zai ɓata aikin duka.

Hanyoyi uku

Ta farko jiƙo. A tafasa ruwa, a sauke, a ƙirga 30, domin zafin da ake so tsakanin digiri 90 ne zuwa 96. A zuba garin, a motsa, a rufe minti 4, sannan a tace da ƙyalle a hankali, ba tare da matsewa ba.

Ta biyu tata. A ɗaure ƙyallen a bakin jug, a zuba garin a ciki. A fara jiƙa shi da ruwa kaɗan. Zai kumbura yana kumfa, iskar da suya ta tara ce take fita. Bayan rabin minti a ci gaba da zuba ruwan kaɗan-kaɗan ana zagayawa, a gama cikin minti 3 zuwa 4. Takardar tace gahawa da ake sayarwa a duniya yau daga littafin ɗan makaranta ta samo asali. A 1908 wata matar aure a birnin Dresden na Jamus, Melitta Bentz, ta gaji da tauna diddiga, sai ta huda gindin tukunya, ta shimfiɗa takardar tsane tawada daga littafin ɗanta, ta tace da ita.

Ta uku ita ce ta Sudan, ƙasar da Hausawa da yawa suka zauna a kan hanyar Makka, har da garin Mai Wurno da aka kafa a bakin Kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Can ana kiran ta jabana. Ana soyawa, a daka a turmi, a dafa da citta, a tace cikin ƙaramin tulun ƙasa, a sha a ƙananan kofuna. Mu da muke maƙwabtaka da Kudancin Kaduna, gidan citta, wannan ba za ta ba mu wuya ba. A sa garin da ɗan dakakkiyar citta da kanumfari ɗaya ko biyu a ruwa, da ta taso a sauke, a bar ta ta kwanta, a tace.

In ta fito da tsami kuma salam, garin ya yi tsaki da yawa, ko ruwan ya huce, ko an yi gaggawa. In ta yi ɗaci mai kama maƙogwaro, garin ya yi laushi da yawa ko ta daɗe a ruwa. A ɗanɗana tukuna, sannan a sa sukari. Ga aiki ga ƙungiyar kimiyya ta makarantarku: kofi uku, gari ɗaya, ruwa ɗaya, a bambanta lokaci kawai, minti 2, minti 4, minti 8. Kowa ya taɓa a harshe ya rubuta abin da ya ji. Gani ya kori ji.

Iyakarta

Abin da yake hana barci a gahawa shi ne sinadarin kafeyin, wanda yake cikin goro da shayi da lemukan ƙara kuzari. Ba ya cire gajiya. Toshe saƙon gajiyar yake yi kada ya isa ƙwaƙwalwa, gajiyar tana nan tana taruwa kamar bashi.

A 2015 Hukumar Kula da Lafiyar Abinci ta Tarayyar Turai ta ce yara da matasa kada su wuce miligiram 3 a kowane kilo na nauyin jikinsu a rana. Ɗalibi mai kilo 50 ke nan iyakarsa 150. Giram 30 na Arabika yana ɗauke da kimanin 360, in an raba huɗu kowa ya samu wajen 90. Robusta kuwa ta kusa ninka haka. Ashe ƙaramin kofi ɗaya ya isa, kuma in an ci goro ko an sha shayi mai kauri, a sa shi a lissafi.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Bayan kamar awa 5 da sha, rabin sinadarin yana nan a jini. Wanda ya sha bayan isha'i zai yi ta juyi a shimfiɗa, ya wayi gari yana gyangyaɗi a aji. Alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta, kuma likitoci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Kwana a zaune ranar jajibirin jarrabawa kamar ɗiban ruwa ne da rariya. Don haka a sha da safe, iyaka azahar.

Gahawa da shayi suna rage wa jiki shan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini idan aka haɗa su da abinci. 'Yan mata da duk mai ƙarancin jini su ba da tazarar awa ɗaya. Mai gyambon ciki ko bugun zuciya ya tambayi likita tukuna, ƙanne 'yan firamare kuma a bar su da kununsu. Duk abokin da ya ce a jefa wata ƙwaya a ciki don ta ƙara ƙarfi, a guje shi. Wannan hanyar shaye-shaye ce, ba ta karatu ba.

In an gama, a wanke ƙyallen da ruwan zafi ba sabulu a shanya, diddigar kuma a zuba ta a ramin taki. Asabar mai zuwa a gwada jiƙo, a miƙa wa Baba kofin farko, a ji hukuncin da zai yanke.