Zuwa Kano Daban, Ganin Kano Daban

Da wuya a sami magidanci a Kazaure, Roni, Gwiwa ko Ɓaɓura da bai taɓa taka Kano ba. Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 can ce hedikwatarmu, kuma har gobe can ake sarin kaya a Kantin Kwari da Singa. Amma ka tambayi mutum ko ya taɓa hawa Dutsen Dala, sai ka ji shiru. Tasha da kasuwa muka sani, birnin kuwa baƙonmu ne.

Wannan giɓin ne tafiyar buɗe ido ta ɗalibai da ƙungiyoyin matasa ya kamata ta cike. Sai dai sau da yawa abin yakan ƙare a cika mota, a sha rana, a ɗauki hotuna, a dawo gida ba a ƙaru da komai ba. Dalili kuwa shi ne an tafi ba tare da tambaya a baki ba.

Kowane wuri a tsohon birnin yana da labarinsa. A Dala ake ba da labarin Barbushe da Tsumburbura, kuma daga samansa ana hango yadda gari ya shimfiɗu. Ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta. Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi suna komawa ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A Gidan Makama aka adana kayan tarihi, a marinar Ƙofar Mata kuwa har yau ana rini da baba a cikin rijiyoyi. Yaron da aka gaya wa wannan tun a gida, idan ya isa zai san abin da yake kallo.

Don haka shiri ya riga tashi. A zaɓi wurare uku ko huɗu, kada a ce sai an zaga ko'ina a wuni guda. A sanar da masu kula da wuraren tun da wuri, a nemi ɗan gari ya yi jagora, domin matambayi ba ya ɓata. A kama hanyar Ɗambatta da sassafe, a kuma yi niyyar dawowa kafin duhu. A rubuta sunan kowa da lambar wayar iyayensa, a ba kowane mutum goma shugaba guda, a ƙirga kai duk lokacin shiga mota.

Lungunan Kurmi ƙunci gare su, sun kuma yi kama da juna, nan da nan baƙo zai ruɗe. A tsayar da wurin haɗuwa kafin a shiga, kowa ya kula da wayarsa da aljihunsa. Kada a ɗauki hoton mai sana'a sai da izininsa, kuma gaisuwa ta riga tambaya.

Malamai da iyaye, idan an dawo ku sa kowane yaro ya faɗi abu ɗaya da ya koyo. In kuɗin Kano bai samu ba, ga Daura nan kusa da mu, a kai su su ga rijiyar Kusugu da idonsu.