Nisba da Gurbi: Yadda Ake Auna Damar Ɗalibin Mai Wurno a Makarantar Kasuwanci

Shiga jami'ar gwamnati a Sudan ya rataya ne a kan jarrabawar kammala sakandare da ake kira Shahada Sudaniyya. Ɗalibin Mai Wurno, garin da ke bakin Shuɗin Nilu a jihar Sennar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yana fafatawa ne da ɗan Khartum da ɗan Wad Madani a kan ma'auni ɗaya. Ma'aunin shi ne nisba, wato kason da ya samu cikin ɗari.

Darussa bakwai ake haɗawa a fitar da ita. Huɗu dole ne: Larabci, Ingilishi, ilimin addini da lissafi. Sauran ukun sun danganta da ɓangaren da ɗalibi ya bi, na kimiyya ko na adabi. Ana tara makin a raba gida bakwai, don haka kowane darasi nauyinsa ɗaya. Wanda ya zubar da maki 14 a Ingilishi kaɗai ya rasa kashi biyu cur, kuma kashi biyu sun isa su raba mutum da gurbin da ake rububinsa. Wannan ya fi shafar yaron da ya tashi da Hausa ko Fillanci a gida, domin biyu daga cikin darussa bakwai ɗin harsuna ne da ba su ya fara sha a nono ba.

Gurbin da masu son kasuwanci suka fi hari shi ne Makarantar Ilimin Gudanarwa ta Jami'ar Khartum, inda ake koyar da akanta da tafiyar da kasuwanci. Akwai kuma Kwalejin Nazarin Kasuwanci ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, da Kwalejin Kasuwanci ta Jami'ar Nilain, sai Kwalejin Tattalin Arziki da Raya Karkara ta Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda ta fi kusa da gida.

Hukumar ɗaukar ɗalibai ta Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ce ke raba gurabe, kuma takan fitar da littafin jagora, Dalilul Ƙabul, ɗauke da sharuɗɗan kowace kwaleji da mafi ƙarancin nisbar da aka karɓa a baya. A nan iyaye suka fi ruɗewa. Wannan adadi ba a yanka shi tun farko ba. Nisbar mutum na ƙarshe ce da ya samu shiga a waccan shekara. Idan sakamako ya yi kyau ko masu nema suka ƙaru, sai ya hau. Saboda haka mai auna dama ya duba shekaru biyu ko uku a jere. Wanda ya zarce su da tazara yana da kyakkyawan fata, wanda ya yi kunnen doki da su kuwa zamansa bai tabbata ba.

Jerin zaɓi shi ne abin da ya rage a hannun ɗalibi. Ana ba shi kwaleji ta farko a jerinsa da nisbarsa ta kai, don haka sa Khartum a sama ba ya cutarwa, muddin an biyo da waɗanda ake da tabbas a kansu. Wanda ya cika jerin da manyan gurabe zalla yana iya tashi a tutar babu. Bayan ɗaukar gama-gari akwai ɗaukar masu biyan kuɗi da kansu, mai sassaucin nisba amma mai nauyi ga gidan manomi.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula lissafin. Jarrabawar shekarar 2023 ba a yi ta ba sai ƙarshen Disamban 2024, kuma jami'o'i da dama sun kwashe karatu zuwa wasu garuruwa ko intanet. Alƙaluman kafin yaƙi ba su isa hujja su kaɗai ba yanzu, kuma dole iyali su bincika inda kwalejin ke karatu a zahiri kafin su rubuta sunanta.