Fida ba ɗura ba ce: Yadda ake shayar da jariri a tsanake

A Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji, nonon uwa ne abincin jariri, kuma shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba shi zalla har wata 6. Amma akwai gidajen da dole ke sa a ɗauko fida, wadda wasu ke kira bulumboti: jaririn da mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwa, ko na malamar makarantar da ta koma aiki ta tatsi nono ta bar wa kaka.

A irin waɗannan gidaje, hankali na kan abin da aka zuba a fidar. Yadda ake ba da shi ma yana iya cutar da jariri.

Kowa ya san ɗura: a kwantar da yaro a cinya, a tara kunu a bakinsa, a toshe masa hanci har ya haɗiye. Ma'aikatan lafiya sun daɗe suna hana ta. To, fidar da aka ƙara wa faɗin huda aka kifa a bakin jariri yana kwance, ita ma ɗura ce.

A jikin uwa, sai jariri ya tsotsa nono ke zuwa, ya huta, ya ci gaba. Fida kuwa zuba take yi ko ya tsotsa ko bai tsotsa ba, sai ya riƙa haɗiya don ya samu numfashi, mai raino ta ɗauka yunwa ce. Daga nan sai ƙwarewa, tumbuɗi da kumburin ciki. Wani ma ya saba da saurin fida har ya ƙi kama nono.

Ga yadda ake yi. A tallafi kan jaririn ya zama kamar a zaune. A taɓa leɓensa da bakin fidar, a jira ya buɗe da kansa. A riƙe fidar a kwance, madarar ta cika bakinta kawai. In ya ɗan sha, a sunkuyar da ita ya huta, a sa shi a kafaɗa ya yi gyatsa. Shayarwa ɗaya kan ci minti 15 zuwa 20.

In ya kau da kai, ya saki hannuwa ko ya rufe baki, ya ƙoshi, ko da akwai saura.

Lokacin kaka, da aikin shinkafa da masara ya yi wa gida yawa, akan tokare fida da tsumma a bar jariri shi kaɗai, ko a miƙa wa ƙaramar yarinya. Jaririn na iya ƙwarewa ba wanda ya ji.

Sai batun tsabta. Ko na burtsatse ne ko na rijiya, a tafasa ruwa, a dama madarar gwangwani yana da zafi, a bari ta huce. Wadda ta yi awa 2 a ajiye, a zubar. Saboda wuyar wanke fida ne ma'aikatan lafiya suka fi son ƙaramin kofi, shi ma a kai shi leɓe jariri ya kurɓa, ba a zuba masa ba.

In jariri na ƙwarewa kullum, ko numfashinsa ya sauya, ko gudawa ta kama shi, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira gobe.