Kihnu, Tsibirin da Mata Suka Riƙe Al'adunsa

Kihnu ɗan ƙaramin tsibiri ne na ƙasar Estoniya, a cikin Tekun Baltik da ke arewacin Turai. Tsawonsa kimanin kilomita 7 ne, faɗinsa kuwa kilomita 3 da ɗoriya. Ƙauyuka huɗu ne kacal a cikinsa, wato Lemsi, Linaküla, Rootsiküla da Sääre, mazaunansa kuma ba su kai dubu ɗaya ba. A shekarar 2003 hukumar UNESCO ta sanya al'adunsa cikin gadon bil'adama da ya wajaba a kiyaye.

Baƙo yakan shiga jirgin fito daga tashar Munalaid, tafiyar kamar awa ɗaya. In ya sauka, keke ya ishe shi zagaya wurin, domin ƙasar shimfiɗe take.

Tun kaka da kakanni mazan Kihnu mutanen teku ne, masunta da matuƙan jirgi, kuma sukan daɗe ba su dawo gida ba. Shi ya sa noma da kiwo da renon yara suka koma hannun mata, haka ma waƙa da rawa da saƙa. Abin da ya fi jan idon baƙo shi ne siket ɗinsu na ulu mai ratsi-ratsi, wanda suke kira kört. Ba kayan a ajiye sai ranar biki ba ne. Da shi ake zuwa kanti, da shi ake aikin gona, har da shi wasu ke tuƙa tsofaffin babura masu akwatin ɗaukar kaya a gefe. Launinsa kuma yana ba da labari. Mai jan ratsi na walwala ne. Wadda aka yi wa rasuwa takan sa baƙi, daga baya ta koma shuɗi, sannan ja ya riƙa dawowa sannu a hankali yayin da zuciya ke hucewa. Matar aure kuwa ana gane ta da ƙyallen da take ɗaurawa a gaban siket ɗin. Wanda bai san wannan ba, ado kawai zai gani.

Bikin aure na gargajiya yakan kai kwana uku, ana rera tsofaffin waƙoƙin da aka gada baki da baki. Fitacciyar mawaƙiyar tsibirin, Kihnu Virve, ta rasu a 2022 tana da shekara fiye da 90.

A Linaküla akwai gidan tarihi cikin tsohon ginin makaranta, da cocin Otodoks a kusa da shi. A ƙarshen kudu kuma akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta ƙarfe, wadda aka kafa a 1864 da sassan da aka kawo daga Ingila.

Yawancin baƙi da rani suke zuwa, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Da hunturu teku kan daskare, zirga-zirgar jirgi ta yi wuya, matasa da yawa kuma suna can babban yankin ƙasar wajen karatu ko neman aiki.