'Yarki Na Karatu a Azhar: Kin San Abin Da Ke Faruwa a Aji?

Idan kina da ɗa ko 'ya da ke karatu a Masar, ko kuna shirin turawa ke da maigida, to wannan bayani naki ne. Mafi yawanmu iyaye mata idan mun buga waya tambayarmu ba ta wuce ta ci da sha, da lafiyar jiki, da ko kuɗi sun isa. Yarinya ta ce lafiya lau, mu yi hamdala mu ajiye waya. Alhali abin da ya kai ta can karatu ne, kuma a nan ne ake samun ɓarakar da ba a ganewa sai shekaru sun ja. Akwai gidajen da aka sa ran dawowar ɗalibi bayan shekara huɗu, aka kai shida ko bakwai, sannan aka ji cewa yana aji biyu. Sau da yawa tsarin karatun ne bai gane ba tun farko, kunya kuma ta hana shi faɗa, ko da yaron na kirki ne.

Wace ce Azhar?

An kafa masallacin Azhar a Alƙahira tsakanin shekarar 970 da 972 Miladiyya, kuma fiye da shekara dubu ke nan ana karatu a cikinsa. A 1961 gwamnatin Masar ta yi dokar da ta sake fasalin jami'ar, aka ƙara fannonin zamani irin su likitanci da injiniyanci da noma a kan na addini da Larabci, aka kuma buɗe wa mata ƙofa. Har yau kwalejojin mata daban suke da na maza, wanda wannan na cikin abin da ke kwantar wa iyaye hankali. Yawancin kwalejojin 'yan mata na Alƙahira suna unguwar Madinatu Nasr, akwai kuma masaukin baƙin ɗalibai da ake kira Madinatul Bu'us, sai dai ba kowa ke samun gurbi a ciki ba, da yawa haya suke kamawa su haɗa kuɗi.

Ba daga sauka sai jami'a ba

Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne, isa Alƙahira daban, shiga aji ɗaya na jami'a daban. Idan takardar sakandaren yarinya ba ta cikin waɗanda Azhar ta amince da daidaitonsu da nata, abin da suke kira mu'adala, to za a yi mata jarrabawar gwaji a ajiye ta a matakin da ya dace da ita a ma'ahadin baƙi. Ana iya mayar da ita ajin sakandare, ko ma ƙasa da haka. Wadda Larabcinta bai nuna ba kuwa sai ta bi ta cibiyar koyon harshe tukuna. Wannan kan ci watanni, wani lokaci shekaru. Saboda haka kafin ki fara ƙirga shekarun digiri, ki tambaye ta a fili: yanzu a cibiyar harshe kike, ko ma'ahadi, ko kwaleji?

Larabcin littafi da Larabcin titi

'Yarki na iya barin gida ta haddace Alƙur'ani, ta karanta nahawu da fiƙihu a Islamiyya, amma ta shiga lakca ta fito ba ta tsinci rabin bayanin ba. Dalili shi ne malamai da yawa sukan gauraya fusaha da Larabcin Masar na yau da kullum, wato ammiyya, inda ake furta jimun kamar "ga", a haɗiye ƙafun. Littafin da fusaha aka rubuta shi, jarrabawa ma da fusaha za a amsa, amma bayanin baki da zancen ofis da na motar haya duk da ammiyya ne. Watannin farko su ne masu wuya. Idan ta zauna cikin 'yan'uwanta Hausawa kawai, daga ɗaki sai ɗaki, kunnenta ba zai buɗe da wuri ba. Ki ƙarfafa mata ta yi ƙawa ta gari cikin 'yan ƙasa a ajinsu, ta zauna a sahun gaba, ta kuma roƙi malama cikin ladabi ta maimaita da fusaha. Masu karatun likitanci kuwa da Turanci ake koyar da su, amma ranar da suka shiga asibiti mara lafiya da ammiyya zai faɗi ciwonsa.

Babu mai bin ta da bulala

A sakandare malami kan kira suna, ya ba da aikin gida, ya aika a kira uwa. A can ajin kan cika maƙil, kuma a wasu kwalejojin ba kullum ake duba wanda ya zo ba. Kowane darasi yana da littafinsa da aka wajabta, muƙarrar, wanda sau da yawa malamin ne ya wallafa, kuma darussan zango ɗaya suna da yawa. Yarinyar da ta ce bari sai jarrabawa ta matso, za ta tarar da tulin littattafan da ba sa karantuwa a mako biyu. Da ma an ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga sanyin Alƙahira na Disamba da Janairu mai sa mutum ya ƙudundune cikin bargo, ga zirga-zirgar sabunta iƙama, wato izinin zama, da kan cinye yini guda a layi. Waɗannan duka suna cin lokacin karatu. Masu himma su ne ke karanta darasi kafin lakca, su yi muraja'a rukuni-rukuni, wasu har su halarci karatun zaure da ake yi a masallacin Azhar, irin dai wanda muka sani a gida, malami na karantawa yana fassara.

Kalmomin da ya kamata ki riƙe

Shekarar karatu takan fara wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Zango biyu ne, jarrabawar farko wajen Janairu, ta biyu wajen Mayu zuwa Yuni. Akwai ta rubutu, akwai ta baka inda ɗaliba za ta zauna gaban malamai a yi mata tambaya, musamman haddar Alƙur'ani, domin kowace shekara akwai kason da aka ɗora mata. Sakamako kan fito da matakai: mumtaz shi ne ƙoli, sai jayyid jiddan, sai jayyid, sai maƙbul wanda shi ne tsira da ƙyar. Idan ta faɗi darasi ɗaya ko biyu, za ta wuce aji na gaba da bashinsu a kanta, a kira ta manƙula. Idan suka haura biyu, shekarar za ta maimaita, a kira ta rasiba. Maimaitawar ma tana da iyaka, kuma mai tallafin karatu na iya rasa tallafinta. Don haka idan ta ce miki ta wuce, ki tambaya: da wane mataki, kuma akwai bashin darasi?

Yadda za ki tambaya

Tambaya da faɗa ba ta haifar da komai sai ɓoye-ɓoye. Yarinyar da ta san an sayar da fili ko sarƙar gwal don karatunta, kuma ta san yadda darajar naira ta faɗi tun 2023, ba za ta iya buɗe baki ta ce ta faɗi ba, sai in ta tabbata ba za a yi mata tofin Allah tsine ba. Tun kafin ta tafi ku gaya mata cewa faɗuwar darasi abu ne da ake gyarawa idan an sani da wuri. Ki roƙe ta ta turo miki jadawalin darussa a farkon zango, da hoton sakamako a ƙarshensa, ko ba kya karanta Larabci akwai mai karanta miki. Ki san sunan ƙawarta ɗaya da wata babba mai amana a can. Lokacin jarrabawa kuma a rage mata labarin rigingimun gida da aiken sayen abaya da turare, domin ba fatauci ta je ba. Ki tuna agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya a lokacin sanyi, awa biyu a lokacin zafi, kada hirar dare ta hana ta lakcar safe.

Tunanin ranar dawowa

Ga 'yan Najeriya, takardar da aka samo a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta kafin a je bautar ƙasa, kuma za a nemi fassarar takardun Larabci da fasfo mai nuna shiga da fita. Wadda ta karanta likitanci sai ta ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, kafin ta taɓa mara lafiya. An ƙara tsaurara bincike tun Janairun 2024, lokacin da gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo bayan bankaɗo badaƙalar takardun bogi. Akwai kuma darasin Sudan, inda yaƙin Afrilun 2023 ya sa aka kwaso ɗalibanmu daga Khartum, da yawansu ba tare da cikakkun takardun shekarun da suka yi ba, abin da ya wahalar da su wajen neman gurbi a wata jami'ar. Saboda haka kowace shekara ta karɓi shaidar sakamakonta daga kwaleji, ta turo kwafi gida, ke kuma ki adana shi tare da takardun gida masu muhimmanci.

Uwargida, addu'arki ce jarinta na farko, amma ki haɗa da bibiya. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya tsare mana imaninsu da mutuncinsu a duk inda suke, Ya dawo mana da su lafiya. Amin.